'Yar Tsanar da Sai da Ƙuri'a: Ƙaranci ne Ke Sa Tsada, ko So?

Sau biyu a shekara, ɗaya da bazara ɗaya a watan Disamba, kamfanin Volks na ƙasar Japan yakan kama wani katafaren zauren baje koli a birnin Tokyo, wanda ake kira Tokyo Big Sight, ya yi taron da ya laƙaba wa suna Dolls Party. Tun da sassafe ake yin cincirindo. Galibin mahalarta mata ne, kuma ba yara ba: ma'aikatan ofis, ɗaliban jami'a, matan aure, akwai kuma maza. Wasu na rataye da doguwar jaka kamar ta makaɗin da ke ɗauke da kayan sana'arsa, a ciki kuwa 'yar tsana ce kwance, an kare mata fuska don kada kwalliyarta ta goge. Abin da ya tara su shi ne sababbin 'yan tsana da kamfanin zai fitar a ranar, waɗanda ƙididdigaggu ne. Kuɗi kaɗai ba ya sayensu. Sai an jefa ƙuri'a, wadda ta ci ta biya ta ɗauka, wadda ta faɗi ta koma gida da kuɗinta a jaka da takaici a zuci.

Kafin mako ya zagayo, sai ka ga wasu daga cikin 'yan tsanar nan sun bayyana a kasuwannin gwanjo na intanet, irin su Yahoo! Auctions da Mercari, ko a kantunan kayan hannu na Mandarake, ko leda ba a ɓare musu ba, an ɗora musu farashin da ya zarce na kamfani. Duk wanda ya ga haka zai ce ai magana ta ƙare: ƙaranci ne ke sa tsada. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma in mutum ya ƙara leƙa wannan kasuwa, zai tarar da 'yan tsanar da ba su fi ashirin ko talatin ba a duniya, suna zaune wata da watanni ba wanda ya ko taya. Ke nan akwai sauran magana.

Bari mu fara da ita kanta 'yar tsanar, domin ba irin ta kara ko ta tsumma da yara ke goyawa ba ce, ba kuma ta robar kasuwa ba. Ana zuba ta ne da wani sinadari da ake kira rezin, wanda yake ruwa-ruwa kafin a haɗa shi, in ya daskare ya yi tauri da nauyi, ya yi santsi kamar tangaran. Kowace gaɓa daban ake zuba ta: kai, ƙirji, ƙugu, cinya, ƙwauri, tafin hannu. A kowace mahaɗa akwai dunƙule kamar ƙwallo da ke zama cikin gurbinsa, sai a zura igiyar roba mai kauri ta ratsa cikin jikin, a ɗaure ta da ƙugiya a cikin kai. Jan igiyar nan ne ke riƙe da komai, shi ke sa ta iya zama, ta tanƙwashe ƙafa, ta ɗaga hannu, har ta tsaya da ƙafafunta ba tare da an jingina ta ba. Ƙoƙon kanta buɗewa yake yi, a sauya mata idanu na gilashi ko na roba. Gashinta hula ce da ake cirewa. Fuskar kuwa sau da yawa fayau take zuwa, ba gira ba jan baki, sai mai ita ta zana, ko ta biya ƙwararriya ta zana mata. Manyan sukan kai santimita 60, wasu har 70. Akwai matsakaita wajen santimita 40 zuwa 45, da ƙanana wajen 26. Babba guda ɗaya, tsirara ba kaya ba gashi, takan ci ɗaruruwan daloli. Wadda ta zo da cikakkiyar shiga tana iya haura dala dubu.

Dabarar gaɓa mai ƙwallo tsohuwa ce. A ƙarshen ƙarni na 19 masana'antun Faransa da Jamus, irin su Jumeau da Kestner, suna yin 'yan tsana masu kan tangaran da jiki mai irin waɗannan gaɓoɓi. A shekarun 1930 wani mai fasaha Bajamushe, Hans Bellmer, ya ɗauki dabarar ya yi wasu siffofi masu tayar da hankali, ya ɗauke su hoto. A 1965 marubuci Shibusawa Tatsuhiko ya gabatar da aikin Bellmer ga masu karatu a Japan, daga nan masu fasaha irin su Yotsuya Simon suka rungumi salon. Amma duk wannan aikin ɗaiɗaikun masu sassaƙa ne, na zauren nuni. Abin bai zama kasuwa ba sai a 1999, lokacin da Volks, kamfanin birnin Kyoto da a da ya fi sayar wa maza ƙananan siffofin jirage da na jaruman fina-finan zane, ya fitar da Super Dollfie. Labarin da ake bayarwa shi ne, mai sassaƙa Akihiro Enku ya yi wa matarsa 'yar tsana guda ɗaya mai tsawon santimita 57, wani babba a kamfanin ya gani ya ce me zai hana a yi ta da yawa. Abin lura a nan: sana'ar tun tushenta daga abu ɗaya tilo ta faro. Ba a jima ba Koriya ta Kudu ta shigo da kamfanoni irin su Luts, Soom, Fairyland da Iplehouse, sannan ƙasar Sin ta biyo da Dollzone da ire-irensa.

Wani ɓangare na ƙarancin ba dabarar kowa ba ne, yanayin aikin ne ya kawo shi. 'Yar tsanar robar da ake sayarwa a manyan kantuna, inji ne ke tura narkakkiyar roba cikin mazubin ƙarfe, ya fitar da dubbai a yini. Ita wannan kuwa mazubinta na silikon ne, mai laushi, kuma rezin yana zafi lokacin da yake daskarewa, yana cin mazubin a hankali. Bayan 'yan gomomin zubi sai ya fara lalacewa, dole a sake wani daga ainihin sassaƙar. Kowace gaɓa da hannu ake cire ta, da hannu ake duba ta, in iska ta shiga ta bar rami a jefar. Shi ya sa yawancin kamfanonin ba sa tara kaya a sito. Sai ka yi oda ka biya sannan a zuba maka, ka yi ta jira wata uku, wata shida, wani lokaci har fiye. Da yawa daga cikin abin da ake kira kamfani ma, mutum ɗaya ne da ɗakin aikinsa, yana sassaƙa ya aika wa masana'antar zubi. Irin wannan in ya buɗe oda ta mako biyu ya samu mutum arba'in, to arba'in ɗin ke nan a duniya, wataƙila har abada.

A kan wannan ƙaranci na dole ne kamfanoni suka gina na gangan, kuma sun iya. Volks yana da 'yan tsanar da ake samu kullum a kantunansa. Yana da tsarin da mai saye zai zaɓi kai da jiki da launin fata da idanu a haɗa masa, wanda wasu kawunan ba a ba da su sai mutum ya je da ƙafarsa Tenshi no Sato, wato “ƙauyen mala'iku”, gidan da kamfanin ya buɗe a unguwar Arashiyama ta Kyoto. Sai ƙididdigaggu na ranar taro. Sai waɗanda guda ɗaya tak ake shiryawa da kwalliyarsu da tufafinsu, su ma da ƙuri'a. A can ƙololuwa akwai wasu ƙananan 'yan tsana, Sei-Tenshi da Rei-Tenshi, waɗanda ba a sayar da su kwata-kwata, kyauta ake bayarwa ga wanda rabonsa ya tsaga. Kamfanin Soom na Koriya shi kuma ya ɗauki wata hanya: maimakon ya ƙayyade adadi sai ya ƙayyade lokaci. Ya riƙa fitar da 'yar tsanar wata, mai ƙaho ko kofato ko fiffike, a buɗe oda na 'yan makonni a rufe. Wanda bai da kuɗi a hannu a makonnin nan, sai dai ya nema wajen waɗanda suka saya, su kuma sun san abin da suka riƙe.

Me ya sa wannan dabara take ci? Akwai wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam uku, Stephen Worchel da Jerry Lee da Akanbi Adewole, suka wallafa a 1975. An ba ɗalibai biskit su ɗanɗana su faɗi ra'ayinsu. Wasu daga kwalba mai guda goma aka ba su, wasu daga mai guda biyu. Biskit ɗin iri ɗaya ne, amma waɗanda suka ga biyu sun fi ganin ƙimarsa. Sai aka ƙara wani salo: a ajiye wa mutum kwalba mai goma, sannan a zo a ɗauke a musanya da mai biyu. Waɗannan sun fi ma na farko ɗaukaka shi. Waɗanda suka fi kowa kuwa su ne waɗanda aka gaya wa an rage ne saboda sauran mutane suna ta nema, ba don kuskure ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta fi shafar maganarmu. Ba ganin abu kaɗan ne ya fi motsa zuciya ba, sanin cewa wasu na rububinsa ne. Layin da ke ƙofar Tokyo Big Sight kansa talla ne. Duk wadda ta tsaya a cikinsa tana kallon ɗaruruwan shaidu cewa abin da take so ya cancanci so.

To, a nan ne nake ganin masu cewa ƙaranci ke sa tsada suka bar rabin magana a baya. Ƙaranci ninki yake yi, ba ya haifarwa. In ka ninka sifiri sau dubu, sifiri za ka samu. Kasuwar kayan hannu cike take da kawunan da wani mai sassaƙa ya zuba goma sha biyar ya daina sana'ar, ba wanda ya san sunansa, ba wanda ya taɓa ganin hotonsu ya yi ajiyar zuciya. Sun fi duk wata ƙididdigaggiyar Volks wuyar samu, amma mai su yakan rage farashi sau biyu sau uku kafin a ce masa a sallama. A ɗaya gefen, akwai 'yan tsanar Fairyland da ake kira Minifee, waɗanda suka bazu a hannun jama'a ƙwarai, amma da yake fuskokinsu sun shiga rai kuma jikinsu na tsayawa yadda ake so a gaban kyamara, ba sa daɗewa a kasuwa in an fitar da su. Sannan da Volks ya yi 'yan tsanar taurarin Rozen Maiden, labarin zane da ya yi tashe wanda jarumansa su ma 'yan tsana ne, tsadar da suka yi a hannun 'yan sari ba daga adadinsu kaɗai ta zo ba. Dubban mutane sun riga sun kamu da son Shinku da Suigintou tun kafin a zuba ko ɗaya. So ne ya riga, ƙaranci ya tarar da shi.

Masu wannan sha'awa suna da kalmar da suke kiran 'yar tsanar da mutum ya daɗe yana mafarkinta bai samu ba, wadda za a iya cewa “abar bege”. In ka saurari yadda suke ba da labarinta, ba ka jin suna farawa da cewa guda nawa aka yi. Da hoto suke farawa. Wata ta ga hoton wata fuska shekaru goma da suka wuce, lokacin tana ɗaliba ba ta da ko sisi, fuskar ta zauna mata. Daga baya ne ta gano an daina yin ta. Ƙarancin bai sa ta so ba, ya dai tsawaita jiran, jiran kuma ya ƙara wa son gishiri.

Akwai wani misali daga tsofaffin 'yan tsanar Jamus da yake ba ni dariya duk lokacin da na tuna. Daga 1909 kamfanin Kämmer & Reinhardt ya fara yin wasu masu fuskar yara na gaske, wasu a turɓune, wasu cikin tunani, maimakon fuskar nan mai murmushin da aka saba. Da yawansu ba su karɓu ba, iyaye ba su saya wa 'ya'yansu ba, sai aka yi kaɗan aka bari. Bayan shekara ɗari, a 2014, aka yi gwanjon ɗaya daga cikinsu, mai lamba 108, a gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan, ta tashi a kan fam 242,500. Rashin kasuwa ne ya sa da yawa daga cikin irinta suka yi ƙaranci. A zamaninta ma ƙarancin yana nan, bai tsinana mata komai ba. Sai da ɗanɗanon mutane ya juya, masu tarawa suka fara ganin kyan fuskar da kakanninsu suka ƙi, sannan ƙarancin ya samu abin ninkawa.

Sai dai akwai babban bambanci tsakanin wannan tsohuwa da na yau, kuma duk mai niyyar zuba kuɗinsa ya kamata ya riƙe shi. Masana'antar da ta yi waccan ta daɗe da shuɗewa, ba mai sake yin ta. Na yau kuwa, ainihin sassaƙar tana nan a kan kanta a ɗakin mai ita. Ƙarancinsu alkawari ne, ba ƙaddara ba. Ranar da kamfani ya ga dama sai ya sake zubawa, ya canza launin riga ko salon kwalliya ya ce sabon fitowa ne. Volks ya sha dawo da kawunan da suka yi suna cikin sabuwar shiga, Soom ma ya sha sake buɗe odar waɗanda aka ɗauka sun tafi ke nan. Duk lokacin da aka yi haka, gida biyu ake rabuwa. Waɗanda suka daɗe suna jira su yi ta murna. Waɗanda suka sayi ta hannu da ninkin kuɗi a bara su wayi gari kayansu ya zube. Kamfanin kuwa tafiya yake a kan siraɗi: in bai sake ba, yana kallo 'yan sari na cin ribar guminsa, in ya cika sakewa, gobe ya ce ƙididdigagge ne ba mai gaskata shi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. An ga ƙarshen irin wannan wasa a Amurka da 'yan tsanar tsumma na Beanie Babies, waɗanda kamfanin Ty ya riƙa yi wa “ritaya” ɗaya bayan ɗaya har mutane suka mai da su jari. A 1999 ya ce zai daina yin su duka a ƙarshen shekara, daga baya ya ci gaba, ba a jima ba kasuwar ta rushe, aka bar mutane da akwatuna cike.

Ko kamfani bai sake zubawa ba, lokaci na yin nasa aikin. Rezin yana rawaya. Hasken rana da zafi suna hanzarta abin, amma ko a cikin akwati aka kulle ta sai launin ya juya, wata ta koma ruwan madara, wata ta yi ɗorawa, wata har kore-kore. Hayaƙin taba na kama ta, baƙin tufafi na zuba mata. Ga shi kuma aikin gaɓoɓi na ta ci gaba: jikin farkon shekarun 2000 gwiwarsa sau ɗaya take lanƙwasa, na yanzu mai mahaɗa biyu ne, yana durƙusawa ya kai hannu fuska. Don haka tsufa a nan ba kamar na tsohon kuɗi ko kan sarki ba ne, inda kowace shekara ke ƙara daraja. Ƙarancin na ƙaruwa, kyan jikin na raguwa, farashi kuma yana tsakaninsu yana tangaɗi. Wasu ƙididdigaggun da aka yi ta kokawa a kansu shekaru goma sha biyar da suka wuce, yau ana samunsu ƙasa da kuɗin da aka saye su.

Sai maganar jabu, wadda ba abin da ke tayar da jijiyar wuya a tsakanin masu wannan sha'awa kamarta. Tunda da mazubin silikon ake aikin, duk wanda ya sayi ta ainihi guda ɗaya zai iya kwance ta ya ɗauki mazubi a jikinta, ya yi ta zubawa yana sayarwa da araha. Akwai masu yin haka da yawa, musamman a Sin. Ta jabun takan ɗan fi ta ainihi ƙanƙanta, domin rezin na tsukewa kaɗan a kowane zubi, wani lokaci kuma layukan fuska sukan dushe. Amma a hoto, bayan an yi mata kwalliya, sai gwani ke rarrabewa. Wannan ya fito da wani abu fili. Da siffar kawai ake so, da jabu ta kashe kasuwa tuni. Ba ta kashe ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da daraja kan takarda: shaidar inganci da kamfani ke haɗowa da ita, ɗan farantin ƙarfe da Volks da wasu ke maƙalawa a ƙoƙon kai, akwatin asali, rasit, da jerin hannuwan da ta bi. 'Yar tsana mai wuyar samu da ta rasa takardarta, mai saye zai yi ta jan ƙafa, ko ya taya da rabi. A tarurruka da yawa ba a yarda a shigo da ta jabu ba. Masu kare ta sukan ce talaka ma yana da ido, me ya sa sai mai kuɗi zai mallaki abu mai kyau? Masu ƙin ta su ce ai ba attajiri ake cuta ba, mai sassaƙa ne da ya kwashe wata da watanni yana kankare fuska ɗaya, kuma in ya karye ba sauran sabuwar fuskar da za a kwaikwaya. Ni dai na fi karkata ga na biyun, ko da yake na lura wasu masu ɗaga murya ba mai sassaƙar suke tausayi ba, ƙimar abin da ke cikin kabad ɗinsu suke karewa.

Duk wannan maganar farashi ce. Amma in ka tambayi mai 'yan tsana goma wacce ta fi ji da ita, sau da yawa ba mai tsadar za ta nuna maka ba. A Japan ba sa cewa sun sayi 'yar tsana, cewa suke sun “tarbo” ta, kuma suna kiranta “yarinyar gidanmu”. Volks ma yakan shirya ɗan bikin tarba a wasu kantunansa ga mai so. Mai ita za ta raɗa mata suna, ta ƙaga mata hali da tarihi, ta ɗinka mata kaya, ta gwada idanu kala biyar kafin ta ce yawwa, ga ta nan. Za ta zauna da burushi da garin alli mai launi tana ɗora kwalliya shafi bisa shafi, tana fesa maganin riƙewa a tsakani, ko ta aika kan wata ƙasa wajen mai zanen da ake layin watanni kafin a samu gurbi a wurinta. Bayan duk wannan, kan da aka zuba dubu irinsa ya zama ba shi da na biyu. Mai ita ta ƙera nata ƙarancin da hannunta, ba ta jira ƙuri'ar kowa ba.

Kasuwa kuwa ba ruwanta da wannan, sai kaɗan. In zanen na wata shahararriya ne yana iya ƙara kuɗi. In na mai ita ne, galibi mai saye gogewa zai yi ya sa nasa. In kuwa ta kai ga ta kankare hanci ko ta buɗe ido da wuƙa don ya dace da halin da ta ƙaga, to ta rage wa kan farashi, duk da cewa yanzu shi kaɗai ne irinsa a duniya. Ga abu ya kai maƙura a ƙaranci, ya faɗi a kasuwa, ya hau a zuciyar mai shi. Masana tattalin arziki sun san wani abu makamancin haka: a wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗalibai kofunan shayi, sai ga shi waɗanda aka ba suna neman kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofin da ya shiga hannunsu 'yan mintuna ke nan. Ina ga abin da aka raɗa wa suna?

Akasin haka ma yana faruwa, kuma masu abin suna faɗa ba kunya. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya samu abar begensa, ya buɗe akwati, sai ya ji shiru a ransa. Sukan ce jininsu bai haɗu ba. Wata kuma tsadar ce ke shiga tsakani: tana tsoron goge kwalliyar kamfani kada daraja ta faɗi, tana tsoron fita da ita ɗaukar hoto kada rana ta taɓa ta, sai 'yar tsanar ta ƙare a akwati, ta kullum ɗin nan mai araha ita ce ke zuwa lambu da bakin teku. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga ta tsadar ta koma kasuwa, da takardarta da akwatinta, an rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ba a taɓa wasa da ita ba.

A inda ƙaranci da so da gwaninta suka haɗu gaba ɗaya, nan ne farashi ke tashi sama ba waiwaye. Marina Bychkova, haifaffiyar Rasha mazauniyar Kanada, tana yin nata da tangaran maimakon rezin, ta zana ta gasa a tanda sau da dama, ta yi musu kambi da kayan ado na azurfa da zinariya. Wasu daga cikin waɗanda ta yi guda ɗaya tak an saye su a gwanjo da dubban daloli masu yawa. Irin waɗannan ba mai tsoron a sake zuba su gobe, tangaran kuma ba ya rawaya. A can ƙasan tsanin kuma, 'yan shekarun nan kamfanonin Sin sun fito da ƙananan 'yan tsana masu gaɓoɓi na roba, masu araha, a rufaffen kwali: ba ka san wacce ka saya ba sai ka buɗe, kuma a kowane jeri akwai ɓoyayya guda da ba kasafai ake dacewa da ita ba. Roba ɗaya, inji ɗaya, kuɗin yi ɗaya. Akwai masu sayen katan guda don nemanta, in ba su same ta ba su zube sauran a kasuwa ƙasa da kuɗinsu, har wanda ya fi son ɗaya daga cikin na fili ya tsince ta da araha ya tafi da abarsa.